Yadda Za Ka Ceto Tsofaffin Nagatif Da Silaid Na Gidanku Da Kyamara

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shi a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau maganar hoto za mu yi, amma irin na da, tun kafin waya ta zo. Duk wanda ya taso kafin shekarar 2005 ko kusa da haka zai tuna cewa idan aka kai fim wanki, ambulan ɗin da ake dawowa da shi abu biyu ne a ciki. Akwai katunan hoton, sannan akwai wasu siraran ledoji ruwan goro masu huji-huji a gefe, waɗanda in ka ɗaga su sama sai ka ga mutane kamar fatalwa, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Su ne nagatif. Katunan aka sa a albam, aka rarraba wa dangi, wasu suka ɓata, wasu suka koɗe. Nagatif ɗin kuwa yawanci suna can ƙasan akwatin Baba ko cikin durowar Hajiya, babu wanda ya waiwaye su shekara ashirin ko talatin.

To abin da nake so ku fita da shi daga shirin yau shi ne, nagatif ɗin nan shi ne ainihin hoton, katin kwafi ne kawai. Kuma da kyamarar dijital da 'yan kayan da ba su taka kara sun karya ba, mutum zai iya mayar da shi kan kwamfuta da kansa, ya fito da kyau fiye da katin da aka wanke tun farko.

Bari in ba ku lissafi don ku gane. Katin da aka saba wankewa faɗinsa inci 4 ne, tsawonsa inci 6. In ka ɗauke shi da sikana, abin da za ka samu na zahiri bai wuce megafiksel 2 da ɗoriya ba. Sannan injin wankin ya riga ya yanke gefe-gefen hoton, ya zaɓi launin da ya ga dama, wurin da ya yi duhu ya bar shi baƙi ƙirin. Shi kuwa nagatif, duk abin da hasken ranar ya rubuta yana nan a jikinsa: zanen da ke jikin farar babbar riga wanda ya ɓace a kati, fuskar wanda ya tsaya a inuwar zaure, har yaron da ke leƙe a gefe wanda injin ya datse.

Akwai misali daga nan maƙwabtanmu. Seydou Keïta mai hoto ne a Bamako ta ƙasar Mali, ya buɗe sutudiyonsa a 1948. Katunan da yake ba masu zuwa ɗaukar hoto ƙanana ne, daidai girman nagatif ɗin. Amma mutumin ya adana nagatif ɗinsa. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje-koli a Amurka ba tare da an san sunan mai su ba, aka bi sawu har aka same shi, aka sake wanke hotunan manya-manya daga nagatif ɗin da ya ajiye. Yau duk mai nazarin tarihin hoto a Afirka sai ya ambace shi. Haka nan gida Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitso da gyaran gashin mata a 1968, ya tara kusan dubu, kuma adanawa ce ta sa suka kai ga idon duniya. Yanzu ku tambayi kanku, ina nagatif ɗin sutudiyoyin garuruwanmu suke?

Dalilin da ya sa nake cewa a yi sauri shi ne, fim ba ya jiran kowa. Jikinsa leda ce, an shafa mata wani abu mai kama da danƙo da ake kira jelatin, a cikinsa hoton yake. In baƙi da fari ne, ƙananan ƙwayoyin azurfa ne suka haɗa hoton. In mai launi ne, rini ne hawa uku. Zafi yana koɗar da rinin. Laimar damina tana kawo funfuna, ita kuma funfuna jelatin ɗin take ci. Ƙurar hunturu tana karce shi. Sannan yawancin fina-finan nan ledarsu irin wadda ake kira asitet ce, wadda in ta fara lalacewa sai ta riƙa fitar da wani tsami mai warin binega, ta motse, ta lanƙwashe. Tsamin da take fitarwa shi ke ƙara saurin ruɓewar, har ya shafi na kusa da ita. Don haka in ka buɗe ambulan ka ji wannan warin, ware shi gefe, kuma da shi za ka fara aiki.

Wani zai ce, me ya sa ba za a sa sikana kawai ba? Ana iya sawa, in akwai. Sikanar ofis da muka sani ba ta yi, domin ita daga ƙasa take haska takarda, shi kuwa fim sai haske ya ratsa ta cikinsa. Sai an samu mai fitila a murfi, ko wadda aka ƙera don fim kaɗai. Irin waɗannan suna da wata fa'ida guda, suna iya gano ƙura da wani haske na musamman su goge ta da kansu, duk da cewa dabarar ba ta aiki a kan baƙi da fari mai azurfa. Matsalarsu ita ce jinkiri. Hoto ɗaya sai ya ci mintuna. Da kyamara kuwa, da zarar ka gama saiti, fim mai hoto 36 za ka iya gama ɗaukarsa cikin kamar minti goma. Wanda ke da ambulan hamsin a gabansa ya san bambancin.

To yanzu mu shiga aikin. Ainihin abin da za ka yi shi ne ɗaukar hoton nagatif ɗin yayin da haske ke fitowa ta bayansa. Kaya huɗu ake buƙata: kyamara da idonta, haske, abin riƙe fim, da abin kafe kyamara.

Na farko, kyamara. Duk wadda ake iya canja mata ido kuma take ɗaukar RAW za ta yi, ko da ta shekara goma da suka wuce ce. Hoto ɗaya a jikin fim na milimita 35 girmansa milimita 24 ne a 36. In kyamararka mai megafiksel 24 ce, wato ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi, kuma ka cika ta da hoton, ka samu ɗigo sama da 4000 a kowane inci kenan. Wannan ya ishi duk fim ɗin da aka ɗauka da ƙananan kyamarorin biki da suna, har da ragi.

Abin da ya fi kyamarar muhimmanci shi ne idon da ka ɗaura mata. Kana buƙatar wanda ake kira makro, wato mai iya ganin abu kusa-kusa. In ka ga an rubuta 1:1 a jikinsa, ma'anarsa abu mai tsawon milimita 36 zai faɗo a kan sensar kyamara da tsawon milimita 36 cif. Kyamara mai babbar sensa, wadda girmanta ɗaya da na fim, 1:1 take buƙata. Mai ƙaramar sensa irin APS-C, wadda tsawonta kusan milimita 23 da rabi ne, ba sai ta kai haka ba. In kuɗin makro ya yi maka nisa, akwai wasu zobba da ake sawa tsakanin kyamara da idonta, ba gilashi a cikinsu, aikinsu kawai su nesanta idon daga sensa don ya ga kusa. Suna da araha kuma suna aiki, sai dai gefen hoton ba zai kai na makro kaifi ba. Tsohon makro na hannu ma, wanda ba ya saita kansa, ya wadatar, tunda dama da hannu za ka saita.

Na biyu, haske. Ana son fari, shimfiɗaɗɗe, wanda tsakiyarsa da gefensa duk ɗaya ne. Faifan fitilar LED shi aka fi amfani da shi. In za ka saya, duba wata lamba da ake kira CRI, wadda ke nuna yadda fitilar ke fito da launi daidai. Ƙarshenta 100 ne, nemi mai 95 zuwa sama. Fitila mai arha takan rasa wani ɓangare na ja, sai ka ga fatar mutane ta fito wani iri, ka yi ta gyara ta ƙi gyaruwa. In baƙi da fari kake ɗauka, wannan bai dame ka ba sosai. Fuskar waya ko ta tablet da aka buɗe farin shafi ita ma tana yi, amma fa kada ka ɗora fim ɗin kai tsaye a kanta, domin ɗigo-ɗigon allon za su fito a hoton. Ɗaga shi sama da kamar santimita uku zuwa biyar, ko ka sa farar roba mai dishi-dishi a tsakani.

Na uku, abin riƙe fim. Nagatif yana son naɗewa, musamman wanda ya daɗe a dunƙule. A irin kusancin nan, lanƙwasar da ba ta kai milimita ɗaya ba ta isa ta sa tsakiya ya fito tar, gefe kuma ya yi hazo. Akwai mariƙai na sayarwa, har Nikon tana da nata mai suna ES-2 da ake ɗaurawa a bakin idon kyamara. Amma za ka iya yanka baƙin kwali mai kauri guda biyu, ka huda taga a tsakiya wadda ta ɗan fi hoton girma, ka sa fim ɗin a tsakaninsu. Kwalin zai danne shi, sannan zai tare hasken da ke zubowa ta gefe. Wasu suna danne fim da gilashi. Ni dai ba na ba da wannan shawarar, saboda inda leda ta manne da gilashi wasu zobba masu launin bakan gizo sukan fito, ga kuma ƙarin wurin da ƙura za ta zauna.

Na huɗu, abin kafe kyamara. Dole ta kalli ƙasa sak, ba ta motsi. Mai ƙafa uku da ake iya juya sandarsa ƙasa zai yi, ko ka sa kafinta ya haɗa maka katako da sanda a tsaye. Ga wata dabara ta tabbatar da cewa kyamara da fim suna fuskantar juna daidai: ɗora ƙaramin madubi a inda fim zai zauna, ka duba allon kyamarar. In ka ga hoton idon kyamarar ya faɗo a tsakiyar allon cif, to ta daidaita. In ya karkata gefe, gyara har sai ya dawo tsakiya. Minti biyu ne, amma shi ke raba aiki mai kyau da na banza.

Kafin ka fara ɗauka, wanke hannu, ko ka sa safar hannu ta auduga. Ta gefe ake riƙe fim. Hure ƙura da ɗan abin hura iska na roba, kada ka hura da baki saboda yawu, kada kuma ka goge da gefen riga. In ka ga funfuna, kar ka kuskura ka sa ruwa, domin jelatin ɗin da funfuna ta ci narkewa yake yi, hoton ya bi ruwa. Ɗauke shi yadda yake. Kashe fanka, rufe taga, kashe fitilar ɗaki. Ni da dare nake wannan aikin, lokacin ƙura ta lafa kuma babu hasken rana da zai faɗo a kan fim ɗin.

Fim yana da fuska biyu, ɗaya mai sheƙi, ɗaya mai dishi-dishi. Mai dishi-dishin ita ce ke ɗauke da hoton, ita za ta kalli kyamara. Hoton zai fito a juye, dama ta koma hagu, sai ka juya shi a kwamfuta. Rubutun da ke gefen fim ɗin, sunan kamfani da lambobi, shi zai nuna maka ko ka juya daidai.

Saitin kyamara kuma ga shi. Sa ta a RAW, domin launin zai sha juyi sosai daga baya, JPEG ba zai jure ba. ISO a mafi ƙanƙanta, yawanci 100. Ƙofar haske f/8, nan ne yawancin idanun kyamara suka fi kaifi, kuma zai yafe maka ɗan lanƙwasar fim. In ka matse ta ta wuce f/11, hoton laushi zai fara yi. Wajen saita gani, buɗe allon baya, ka zuƙo hoton har ƙarshe, ka murɗa a hankali sai ka ga wasu ƙwayoyi kamar rairayi sun fito. Ƙwayoyin fim ɗin kenan, in sun fito tar to ka gama. Kada ka danna maɓallin ɗauka da yatsa kai tsaye, sa agogon daƙiƙa biyu don kyamarar ta daina rawa. Shi kuma yawan haske, ƙara shi har sai wurin da ya fi haske a fim ɗin ya kusa ƙurewa amma bai ƙone ba. Sannan a kowane fim, ka tabbata ka ɗauki hoto ɗaya da ya haɗa da gefen ledar inda babu hoto. Yanzu za ku ji amfaninsa.

Mun zo wurin da mutane suka fi karaya, wato juya launi. Baƙi da fari ba wuya, ka juya shi, ka daidaita duhu da haske, shi kenan. Mai launi kuwa, in ka juya shi haka kawai, komai zai fito shuɗi-shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Dalili shi ne wancan ruwan goron da ke jikin ledar. Da gangan kamfanoni suka sa shi, don ya gyara kasawar rinin lokacin wanke kati. Kishiyar ruwan goro kuwa shuɗi ce. Saboda haka sai ka fara nuna wa manhaja gefen ledar nan da ka ɗauka, ka ce mata wannan launin ta cire shi, sannan a juya, sannan a daidaita ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya.

Akwai manhajojin da ke yin wannan da kansu. Negative Lab Pro ana saya ne, kuma cikin Lightroom yake aiki. Amma darktable kyauta ce, tana da wani sashe mai suna negadoctor da aka yi don wannan aikin kaɗai. RawTherapee ma kyauta ce kuma tana da nata. Wasu kyamarorin, kamar Nikon D850, suna iya juyawa a cikinsu, sai dai JPEG suke ba ka. Wajen gyara launi, nemi abin da ka san launinsa a hoton: farar hula, bangon da ka san kalarsa, fatar mutum. Kada ka cika masa launi har ya koma kamar hoton waya na yau. Bar shi da kamannin zamaninsa.

Sai silaid, waɗannan ƙananan hotuna da ke cikin firam na kwali ko roba mai inci 2 a 2, da ake haskawa a bango da majigi. An fi samunsu a gidajen malaman jami'a da waɗanda suka je karatu waje. Su ba sai an juya su ba, yadda ka gan su haka suke. Wahalarsu ita ce duhunsu yana da zurfi sosai, don haka wani lokaci sai ka ɗauki hoto biyu ko uku da haske daban-daban ka haɗa. In ka ga an rubuta Kodachrome a firam ɗin, ka yi sa'a, domin yana cikin waɗanda suka fi riƙe launi in an ajiye su a duhu. Kodak ta fito da shi a 1935, ta daina yinsa a 2009, kuma wurin wanki na ƙarshe da ya rage, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓarsa a ƙarshen 2010.

In kuma nagatif ɗin manya ne, irin na sutudiyo mai faɗin santimita 6, kana iya ɗaukar shi kashi biyu ko huɗu, kowane kashi ya ɗan hau kan ɗan uwansa, manhaja ta ɗinke maka su. Gargaɗi ɗaya a nan: fim ɗin da ya girmi farkon shekarun 1950 zai iya zama na naitiret, wanda ke kama wuta da sauri ƙwarai. Nesanta shi da zafi da wuta, kuma kada ka haɗa shi da sauran.

Wanda ba shi da kyamara fa? Wayarka za ta taimaka wajen tantancewa. Shiga saiti, ɓangaren taimakon masu matsalar gani, ka kunna juya launi, sannan ka buɗe kyamara ka kalli nagatif ɗin a gaban haske. Nan take za ka ga fuskokin sun fito. Da haka za ka ware masu muhimmanci, sannan ka nemi aboki mai ɗaukar hoton biki ya ara maka kyamara yini ɗaya, ko ku haɗu ku huɗu ku yi na gidajenku tare.

Bayan ɗauka akwai aikin da ya fi duk waɗannan gaggawa. Hoton da ba a san waye a ciki ba, rabinsa ya riga ya mutu. Ɗauki kwamfutar ko wayar ka je wurin kaka, ko gwaggo, ko kawu, ka tambaye su: wannan waye, ina ne nan, bikin wa ake, wace shekara? Rubuta amsar a sunan fayil ɗin, ka fara da shekara, sai gari, sai abin da ake yi. In sun yarda ma, naɗi muryarsu suna bayani. Fim ɗin zai iya ƙara shekara goma a akwati, amma masu sanin fuskokin nan kullum raguwa suke yi.

Ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a ma'ajiyar waje, ɗaya a intanet ko a gidan wani ɗan uwa. Kowane RAW na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, don haka fim ɗaya kusan gigabait ɗaya ne. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin hoto matse shi take yi. Kuma kafin ka ɗora hoton ƙuruciyar mahaifiyarka ko na matar wani a Facebook, nemi izininta. Samun nagatif a hannunka bai ba ka wannan damar ba.

Na ƙarshe, kada ka zubar da nagatif ɗin don ka ɗauke shi. Kyamarori da manhajoji suna ta ƙara kyau, wata rana wani zai so ya sake ɗauka, ga shi kuma ma'ajiyar kwamfuta takan mutu ba sallama. Sa su a ambulan mai tsabta, ka rubuta lambar da ta yi daidai da ta fayil ɗin, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan. Ban da saman silin ƙarƙashin kwano, ban da ƙasa inda gara da ruwa za su kai.

Aikin wannan makon shi ne ku je ku tambaya a gida ko akwai irin ambulan ɗin nan, ku buɗe, ku shinshina, ku gwada dabarar wayar. Wanda ya samu wani abu ya faɗa mana. A nan za mu dakata, sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.